Yadda Na Mai da Innata Goɗiya

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan kujerar aiki, na yi wani mafarki wanda har yanzu ban gane kansa ba, balle gindinsa.

Wata huɗu ke nan ina haɗa manhajar waya da za ta koya wa 'yan kasuwarmu Sinanci, waɗannan masu zuwa Sin saro atamfa suna ciniki da yatsu. Jibi zan gabatar da ita gaban ƙungiyarsu. To, a mafarkin nan jibin ta riga ni isa, har ta samu kujera.

Zauren taron a cikin rijiya yake, amma hawa ake yi a shiga. Na hau. 'Yan kasuwar duk sun zama dilolin atamfa, kowanne da hularsa. Shugabansu Alhaji Mamuda ne kaɗai mutum, shi ma a kife yake zaune, yana jan carbi da ƙafa.

"Nafi'u, ka makara da gobe ɗaya," in ji shi. "Fara."

Na kunna majigi. Hoton ya ce ba zai hau bango ba sai bangon ya zo ya gaishe shi. Bangon ya taso, suka gaisa har da tambayar iyali. Sannan darasin farko ya fito: MA.

A Sinanci "ma" huɗu ce, murya ke raba su. Ka ja ta sama a miƙe, uwa ce. Ka hau da ita, rama. Ka nutsa ka taso, doki. Ka sare ta ƙasa, faɗa. Su mutanen Sin 'yar alama suke ɗorawa a kan wasalin don nuna muryar. Ni kuwa Bahaushe, na saba rubuta kuka iri ɗaya, ta miya da na hawaye, in bar mai karatu ya yi ta kansa. Sai na share alamomin kaf, wai don allo ya yi tsaf.

Can a layin baya na hango Innata, da mayafinta ruwan toka da kular abinci a cinya. Rabona da gidanta wata guda. In ta kira waya, "Inna, ina aiki" kawai nake cewa in kashe.

"Gwada mana," in ji Alhaji.

Na danna. Manhajar ta ce "ma", Inna ta zama goɗiya. Mayafin yana nan a kanta. Ba wanda ya yi mamaki, sai wani dila da ya tambaya ko akwai irinta a shuɗi.

Na ce, "Alhaji, uwata ce fa!"

"A rubuce dai ba bambanci," ya ce. "Da an kira la'asar za a loda ta a jirgin ruwa. Duk abin da ke zauren nan kaya ne."

Sai ga ni durƙushe a bakin kwata da rariya a hannu. Alamomin da na share ne suka taru a ciki suna iyo, santsi gare su kamar tarwaɗa. Na kama ɗaya ta zille, na kama wata ta ce ita waƙafi ce, hanya kawai ta biyo da ita. Na duba hannuna, rariyar ma ta zama ramuka zalla.

Na sake ganin kaina a zaure. Tunda ba alama, na ce bari in faɗa da bakina. Na ce "ma", tsoro ya sa muryar ta hau, goɗiyar ta zama damin rama.

"Madalla," in ji Alhaji. "Wannan ta fi sauƙin lodi."

Haushi ya kama ni, na sake faɗa da ƙarfi, ta fito a sare. Damin ramar ya girgiza, ya yi magana da muryar Inna, a hankali.

"Wannan dai na san ta. Da ita kake amsa min waya."

Kunya ta rufe ni, har na rasa inda zan sa idona. Saura ɗaya, wadda ake ja sama a miƙe, irin ta yaron da ya dawo makaranta yana kiran uwarsa tun daga soro. Na laluba maƙogwarona, na laluba aljihu, babu ita. Ladan ya yi gyaran murya. Jirgin ruwa ya leƙo ta taga, ya danna ham.

Ashe mai biredi ne a layinmu yake matsa ham ɗin kekensa. Wuyana ya sanƙare, kwamfuta ta mutu. A wayata, kira uku na Inna.

Alamomin dai sai da na mayar da su ɗaya bayan ɗaya kafin magariba. Amma kafin nan na kira Inna. Tana ɗagawa na ce, "Innaaa."



"Wannan muryar," ta ce, "tun kana firamare rabona da ita. Sake faɗa."