Rigar da Ba a Wanke Ba

"Ba ka dai wanke rigar ba?" Abdul-Rashid ya tambaya daga kan gado.

"Tana nan a leda," in ji Sulemana.

Shekara goma sha tara suna maƙwabtaka a unguwar Sparkbrook, bango ɗaya ya raba su. Da Abdul-Rashid ya ajiye tuƙin bas, sai ya sayi kyamara ya ce zai yi fim ɗin barkwanci: amarya likita mai saurin baki, ango mai mantuwa, zoben biki ya faɗa tukunyar miya. Sulemana ne uban amarya. Shi aka kifa wa miyar gyaɗa a farar babbar riga.

Wani ya yaɗa wannan gutsuren a waya. Ranar Juma'a aka tare Sulemana a ƙofar masallaci ana ce masa Baba Mai Miya. Tun daga nan ya ce shi da kyamara har abada.

Abdul-Rashid ya ce, "Saura fitowa ɗaya, Yaya. Ka sa hannu a aljihu, ka ciro zoben, ka yi dariya. Amma tabon sai ya zama na ranar, in ba haka ba masu kallo za su gane."

"Da furfurata?"

"Ai furfurar ce abin dariyar." Tari ya sarƙe shi. "GP, likitan nawa, ya daina ba ni appointment, ya daina sa mini ranar zuwa. Ka gane ai."

Sulemana ya dubi hannun da ke kan bargo, ƙashi da fata.

"Asabar. Sau ɗaya, ba maimaici."

Aka kira Hikma, 'yar Abdul-Rashid da ke jami'a a Manchester, ta ce za ta zo ta riƙe kyamara.

Ranar Alhamis da hantsi Sulemana ya ji kuka ta bango. Bai tambayi kowa ba, ya tashi ya yi alwala.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Sahada, matar Sulemana, ta ɗauko ledar.

"Malam, in jiƙa ta yanzu?"

"Ba ni."

Ya warware rigar. Tabon ya bushe, ya yi baƙi, yana warin tsohon mai. Ya zura hannu a aljihu. Zoben roba ne, an naɗe shi da takarda, da rubutun Abdul-Rashid: "Nan za ka yi dariya."

Ya mayar da shi. Ya rataye rigar a ƙusar da ke jikin bangon da ya raba su, ya zauna yana fuskantarta.