Sakan Biyun Rwang

Rwang na tsakiyar labarin kafireta ne Mashud ya ɗaga hannu daga kan gado. Labarin ba sabo ba ne. Duk layinsu na unguwar Catford, can ƙasar Turawa, babu wanda bai haddace shi ba.

Shekara goma bango ɗaya ya raba su. Mashud mutumin zangon Kumasi ne, da babur yake raba wasiƙun ofisoshi a Aldwych, ƙarshen mako ya tafi filin tsere a Kent. Rwang makanike ne daga Jos. Musunsu ɗaya tal: Rwang ya ce ƙarfe ke gudu, Mashud ya ce hannu ne, don wanda bai san inda zai saki birki a kwana ba, ko injin jirgi aka ɗaura masa na ƙarshe zai zo.

A 1988 garejin su Rwang ya rufe, wata biyu bayan an binne matarsa Juliana. Ya daina fita, ya daina aski, har musun ya daina. Rannan Mashud ya turo babur ɗinsa bakin ƙofa, ya ce a gwada masa ƙarfen nan da ake cika baki da shi. Kwana tara Rwang ya yi a kan wata kafiretar tsere, har sunansa ya zana a gindinta kafin ya ɗaura wa babur ɗin. Ranar Lahadi Mashud ya rage sakan biyu a kowane zagaye, ya sauka a gaban jama'a ya ce makanike ya fi shi gaskiya. Bai sake barin Rwang ya buɗe injin ba, wai abin da ya yi daidai ba a taɓa shi. 'Yan tsere suka fara yi wa Rwang layi da baburansu. Shekara biyar ke nan yana cin abinci da sakan biyun nan, ya kuma ishi kowa da labarinsu.

Yanzu ciwon hanta ya cinye Mashud, asibiti ta sallamo shi gida.

"Rwang, ka yafe mini," in ji shi.

Rwang ya san al'adar, haka Musulmi ke gaya wa kowa idan tafiya ta matso. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya koma kan labarinsa, don in ya yi shiru kuka zai yi.

Washegari da hantsi Mashud ya cika.

Bayan sadakar bakwai, matarsa Amamata ta ƙwanƙwasa wa Rwang ƙofa riƙe da kwali.

"Yana ƙarƙashin gado tuntuni," ta ce. "Ya ce in gaya maka, abin da ka yafe ke nan."

Kafiretarsa ce, fes da ita, da sunansa a gindi, naɗe a jaridar Asabar ɗin da ta gabaci tseren. Amamata ta ce a ranar, Mashud ya gwada ta a titi, ya ji babur na shaƙewa a kwana, ya mayar da tsohuwar, ya rufe da murfi.

Haushi ne ya fara kama Rwang, sosai kuwa. Sai ya tuna yadda yake kafin a turo masa babur ɗin nan.

Ya zauna a kicin, ya ajiye kafiretar kan tebur, ya juya ya fuskanci bangon da ya raba su.

"To, hannu ne," ya ce a hankali.

A can ɗaya ɓangaren, Amamata ta buɗe famfo tana wanke kofunan masu gaisuwa.