Yayarsa da ke Coventry

Ban ko cire kwat ɗina ba rediyon da ke kan firji ya mai da ni yayarsa.

Mai karanta sanarwar rasuwa, da muryar nan da suke sanyayawa da gangan, ya ce Fintan Mulhern na Drumkeel ya rasu a gida bayan gajeriyar jinya, ɗan marigayi Packie da marigayiya Brid. Ya bar matarsa Una, da 'ya'yansa mata biyu, da yayansa Malachy, da yayarsa Delia da ke Coventry. Daga nan ya wuce kan wani mamacin.

Matan maƙwabta sun cika kicin ɗin, suna shafa wa burodi man shanu suna jera yankan naman alade saboda masu zuwa gaisuwa. Babu wadda hannunta ya tsaya. Ni ce Delia. Na haura saba'in, jirgin ruwa da bas sun kumbura mini ƙafafu, kuma ni na haifi Fintan.

Ban kai sha bakwai ba aka kai ni aikatau gidan wani mai kanti a garin kasuwa, na dawo da ciki. Mam, wato Brid ɗin da rediyo ya ambata, ta rufe ni a ɗakin baya har sanyi ya wuce, ita kuma ta riƙa ɗaura tsumma a ƙarƙashin riga tana zuwa coci da shi. Ranar da na haihu ta karɓe jaririn tun jikinsa bai bushe ba. Ko wanka ɗaya ban yi masa ba. Kafin a saka ni a jirgin Ingila ta ɗora hannuna a kan gicciye ta sa na rantse ba zan buɗe baki ba. Na tafi wankin zanen gadon asibiti, a nan ƙarfina ya ƙare.

Da Mam ta mutu na ɗauka rantsuwar ta bi ta kabari. Amma akwai Malachy, yayana. Duk bazarar da na zo, shi yake ɗauko ni a tashar bas, kuma kafin mu kai gada sai ya soma. In bar yaron nan, bai san komai ba. Zuciyarsa ba ta da ƙwari, magana irin wannan kayar da shi za ta yi. Sai in shiga gida da rigar sanyin da na saƙa masa, in zauna a tebur yana kirana Delia yana miƙo mini dankali, Malachy kuwa a tsakaninmu kamar an dasa shi.

Yanzu dai babu sauran zuciyar da za a ji wa tsoro. Na fita ta ƙofar baya na sami Malachy a rumfar shanu, yana tura musu ciyawa da ƙafa. Ruwa na sauka, irin siririn nan da ba ya tsayawa.

"Wa ya kai sanarwar nan?"

"Sannu da hanya, Delia. Sun ba ki shayi?"

"Riƙe shayinka. Wa ya kai ta?"

Ya ce shi ya faɗa wa Gallen mai shirya jana'iza, Gallen ya aika gidan rediyo, kamar yadda ake yi wa kowa. Za su maimaita da tsakar rana, daga nan shi ke nan, gobe a kai shi. Na ce to kafin tsakar ranar a gyara. Kalma ɗaya ce. A cire yayarsa, a sa mahaifiyarsa.

Ya jingina da bango kamar na ɗora masa buhu. "Mutumin nan ya mutu. Me za ta ƙara masa?"

"Ba shi za ta ƙara wa ba."

"Ke dai Ingila ba ta koya miki komai ba sai faɗa."

"Kai kuma shanu sun koya maka tuƙa. Abu ɗaya kake taunawa tun muna da baƙin gashi."

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya kawo maganar 'ya'yan Fintan, ya kawo maganar fadan coci, ya kawo sunan Mam da ke rubuce a dutsen kabari. Na ce ni ma ina da suna, an binne shi da raina babu wanda ya sa masa dutse. Na ce in ta kama zan taka da ƙafa har wurin Gallen. Ya ce in taka, Gallen ba zai canza harafi ɗaya ba sai da bakin matar mamaci. Kuma in ina da sauran tausayi kada in ɗora wa Una wannan a rana irin ta yau.

Tausayin nan na sha shi har ya ishe ni. Na juya na koma ciki.

A ɗakin gaba suka kwantar da shi. Kamar yadda al'ada take, an tsayar da agogo, an rufe madubi, an bar taga a ɗan buɗe, ruwa ya jiƙa bakinta. Una na zaune gefen akwatin gawar, ta cire takalmi, idanunta sun yi ja sun bushe. Tun a bas nake shirya maganar da zan yi cikin ladabi. Da na ga fuskarsa, da carbi a naɗe a yatsunsa, duk ta zube.

"Una, ni ba yayarsa ba ce."

Ta ɗago ta dube ni. Ba mamaki na gani a fuskarta ba, gajiya ce.

"Na sani," in ji ta. "Shi ma ya sani."

Na nemi kujera.

Ta ba ni labarin a hankali, tana kallonsa ba ni ba. Tun kafin aurensu wani ya bugu a mashaya ya jefe shi da maganar. Fintan ya zo gida ya tambayi Malachy. Malachy bai musa ba. Amma ya ce masa Delia ta gina rayuwarta a can, ba ta son a tayar da zancen, kunya za ta kashe ta. In ya kuskura ya tambaye ta, ba za ta ƙara taka garin nan ba. To, sai ya yi shiru don in ci gaba da zuwa.

"Duk shekara sai ya yi wa ɗakin baya fenti kafin ki iso," in ji Una. "Rigunan da kike saƙa masa, har waɗanda suka matse shi, sawa yake yi. In na yi masa tsiya ya ce in bar shi."

Ɗakin baya. Bai san abin da ɗakin nan ya gani ba, ko kuwa ya sani. Ban tambaya ba.

Ban ji shigowar Malachy ba, sai warin rumfar shanu da na ji a bayana. Yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu, ruwa na ɗiga daga kafaɗarsa. Ya ji komai.

"Ka ce mini magana za ta kashe shi," na ce. "Ka ce masa magana za ta kashe ni."

"Na yi wa Mam alkawari."

"Mam ta mutu tun yaran Fintan na rarrafe."

"Ba ta ce mini in ta mutu in daina ba." Ya juya hular a hannunsa. "Kowace bazara nakan ce bana zan tashi daga teburin nan in bar ku. Sai in ga kuna zaune lafiya, kuna dariya. In ce to, baɗi."

Na so in mare shi. Na daɗe ina tanadin marin nan, na san ma kumatun da zai sauka. Amma abin da ke gabana tsoho ne mai kashin shanu a takalmi, wanda bai taɓa aure ba, bai taɓa kwana a wani gida ba sai wannan. Ban yafe masa ba, kada wani ya ce na yafe. Hannuna ne kawai ya yi nauyi.

Una ta miƙe ba takalmi, ta ɗauki waya ta fita baranda. Na ji tana ce wa Gallen akwai gyara, ta maimaita masa sau biyu, sannan ta ce a'a, ba kuskuren ji ya yi ba. Daga nan ta hau sama wurin 'ya'yanta, don kada su fara ji a bakin rediyo.

Da tsakar rana ina kicin, a tsaye, kwat ɗina har yanzu a jikina. Malachy ya koma wurin shanunsa. Muryar ta sake zuwa da sanyinta. Fintan Mulhern na Drumkeel. Ya bar mahaifiyarsa Delia da ke Coventry, da matarsa Una, da 'ya'yansa mata biyu, da kawunsa Malachy.

Na jira. Ban san me nake jira ba, ko faɗuwar faranti, ko wata ta dafe ƙirji. Tun ina yarinya aka nuna mini cewa ranar da kalmar nan ta fito rufin gidan zai rufta. Ta fito, tsawonta bai wuce numfashi ɗaya ba, mutumin ya wuce kan wata tsohuwa da ta rasu a asibiti, daga nan aka shiga farashin shanu.

Sabina Flynn, wadda muka yi wasan ƙasa tare, ta goge hannunta a jikin riga ta zo ta riƙe nawa.

"Allah ya ba ki haƙurin ɗanki, Delia. Ai da ma kunnuwanki ne da shi."

Na dubi sauran. Kowacce ta duƙufa kan burodinta.

"Duk kun sani."

"Ba namu ba ne mu faɗa," in ji Sabina. Ta waiwaya ta ce wata ta miƙo mata wuƙa, masu gaisuwa sun kusa fara zuwa.

Ina da maganganu da yawa da na tanada wa garin nan, masu zafi, na jera su dare da rana a ɗakin wankin asibiti. Na duba na rasa wanda zan zuba wa. Duk sun tsufa, kuma shayi suke dafawa saboda ɗana.

Na koma ɗakin gaba. Una ta sauko, tana tsaye a kansa tana ɓata fuska. Ta ce yaran Gallen sun taje masa gashi baya kamar wani ɗan siyasa, shi kuwa bai taɓa yin haka ba a rayuwarsa. Ta buɗe jakarta ta ciro mataji. Ta kai hannu, sai ta tsaya, ta juyo ta miƙo mini.

Na cire kwat ɗin na rataye a kujera. Gashin ya yi furfura, ya yi laushi, da sanyi a ƙarƙashinsa. Na riƙe matajin a sama, na kasa saukewa.

"Una," na ce, "ta wane gefe yake tsagawa?"