Tulun Cukun Gwaggo Zakiyya

Ranar da Gwaggo Zakiyya ta sauka daga ƙauye da tulun tsohon cuku mai gishiri a kanta, Wafa ta san zaman lafiya ya ƙare. Wata bakwai ke nan tana jinyar mahaifinta, Alhaji Subhi, tun da likita a birnin Minya ya ce zuciyarsa ta gaji. Ya gargaɗe ta: ban da gishiri, a hau sikeli kowace safiya, ƙwayar rage ruwan jiki kuma kada a tsallake ta don awon jini ya yi ƙasa, sai in jiri na ɗibarsa, nan ma a kira shi tukuna.

Gwaggo ko mayafi ba ta cire ba ta leƙa abin awon jininsa, ta ga casa'in.

"Casa'in! Ke 'yar nan, kashe min ɗan'uwa za ki yi? Jini ya faɗi, kina ɗura masa abin da zai ƙarasa shi?"

"Likita ya sani, Gwaggo. Ya ce haka zuciyar ke samun hutu."

"Hutun kabari ko? Mu wanda jininsa ya sauka, cuku da zaitun muke ba shi ya miƙe, tun ba a haifi likitan naki ba!"

Alhaji kuwa idonsa na kan tulun kamar yaro ya hangi alewa. Wannan kallon ya fi maganar Gwaggo ƙona wa Wafa rai.

Da sassafe take tafiya makarantar da take koyarwa, ta bar ƙwayoyi a faranti. Tana dawowa ta tarar da farantin wayam, Gwaggo kuwa sai yanga take don awo ya kai ɗari da goma. Sikelin ma ya ɓace. An ce wai maƙwabta sun ara.

Ranar Juma'a Alhaji ya shirya masallaci, takalmi ya ƙi shiga. Ya sunkuya zai ja, numfashi ya sarƙe. Wafa ta durƙusa ta danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. Ta zaƙulo sikelin a bayan buhun shinkafa, ta sa ya hau: kilo uku ya ƙaru cikin kwana huɗu.

"Ƙiba ce," in ji Gwaggo. "Mutum ya samu abinci."

"Ruwa ne! Ruwan da kika tara masa, ga shi yana hawa ƙirjinsa! Ina ƙwayoyin?"

"Ni kike ɗaga wa murya, mara kunya? Ni na goya ubanki!"

"Ki ƙyale min... 'yar'uwa," Alhaji ya faɗa yana haki. "Ni na ce ta kawo cukun. Wata bakwai... abinci lami. Ƙwayar nan sau biyar take karya min alwala kafin azahar. Kin mai da ni... ɗan kurkuku."

Ya so ya ƙara zagi, iska ta ƙi isarsa. Ya dafe bango, leɓensa ya canja launi. Wafa ta ji tsanarsu su biyun, da tsoron da ya fi tsanar yawa. Ta fita ba takalmi ta tare tasi.

A mota Alhaji ya kasa jingina, sai a zaune yana fama da tari. Can suka hango ƙofar asibiti. Sannan Gwaggo ta kwance ƙullin bakin mayafinta, ta miƙo fararen ƙwayoyi, sun yi laushi da gumi.

"Ungo, ba shi duka yanzu."

Wafa ta naɗe mata yatsun a kansu, ta matse.

"Riƙe abinki, Gwaggo. Likita zai tambayi wanda ke jinyarsa makon nan."