Singiletin Baba Minas

Marusa ta sake matse lemon tsami a kan singiletin, ta barbaɗa gishiri, ta dirza har yatsunta suka ɗauki zafi. Jan nan mai kama da tsatsa ko gezau bai yi ba. Can sama ƙararrawar coci tana bugun mutuwa a hankali, ita kuwa tana durƙushe a bayan tulun fure kamar mai ɓoye kayan sata.

Ƙanenta Lukas ya leƙo ta kan katanga. "Yaya, ki bar wahalar da kanki. Ruwan dutsen nan ba ya fita daga farin tufa. Ba abin da nake faɗa wa baƙi 'yan yawon buɗe ido kullum ke nan ba?"

"To ka tanadi bakin da za ka faɗa wa Stamatiya. Jirginta ya kusa shigowa."

"Ki jefa shi a shara mana."

"Shara? Yarinyar da har safar ubanta ta sani ɗaya bayan ɗaya? Kai dai je ka ƙarasa sa wa mamacin kayansa, ka bar ni da masifata."

Baba Minas, mai singiletin, yana kwance a ƙarƙashin ƙafarta. A unguwarsu gidajen a jikin dutse aka fafe su, wani a kan wani, rufin ɗakinsa shi ne tsakar gidanta. Tun tana amarya take jin tarinsa ta ƙasa, in ya yi atishawa ta ce masa lafiya ba tare da ta tashi ba. Da matarsa Flora ta rasu, 'yarsa tilo Stamatiya kuma tana aure a birnin Atina, sai kula da shi ya dawo hannun Marusa. A bikin Ista, bayan likita ya ce zuciyar tsohon ta gaji, Stamatiya ta riƙe hannun Marusa a gaban hoton Budurwa Maryamu ta ce, "Yaya Marusa, amana na ba ki. Ko bakin ruwa kada ya je." Marusa ta rantse. Jiya ta karya rantsuwar, yau da safe kuma tsoho ya cika. Abin da ke cin ranta ke nan: Stamatiya za ta dube ta ta ce ita ta kashe mata uba.

Ba ita ta gayyace shi ba, wannan kam Allah ne shaida. Jiya da azahar ita da Lukas sun hauro da kwandunan kifi da tumatir, za su tashar jiragen yawo inda Lukas ke tuƙi ita tana girki, sai suka tarar da Baba Minas zaune a gaban motar, da tawul a kafaɗa. Yadda ya hau matakalar nan shi kaɗai, Allah kaɗai ya sani.

"Baba, ina zuwa haka?" ta tambaye shi.

"Inda za ku."

"Ka rufa mini asiri ka sauko. Na yi rantsuwa."

"Ke kika yi, ni ban yi ba. Gobe Stamatiya za ta zo ta naɗe ni kamar tsohuwar katifa, ta kai ni can saman bene inda taga ke kallon bangon wani. Gobe tata ce. Yau tawa ce, 'yar nan. Lukas, tayar da mota, ko sai na tuna maka wanda ya koya maka ɗaurin igiya?"

Lukas, wanda bai taɓa iya musu da ko kyanwa ba, ya tayar da mota.

Baba Minas ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana kai mutane tsibirin dutsen wuta a kwalekwalen katako, tun ba a san jirgi mai ciki biyu ba. Saboda haka tun da ya hau na Lukas yake kushe shi. "Wannan jirgi ne ko gado? Jirgin da ba ya tangaɗi ai sai a shimfiɗa masa zanen gado." Baƙin ba sa jin yarensa, amma suna ta dariya suna ɗaukar hoto da shi. A gaɓar jan dutse aka tsaya iyo, bai motsa ba. A ta farin dutse ma haka, yana zaune yana ɓare tafarnuwa yana cewa Marusa ta cika wa miya gishiri. Har hankalinta ya fara kwanciya, ta ce a ranta ashe shan iska kawai tsoho ya fito.

Sai da aka saki anga a bakin tsibirin dutsen wuta, inda ruwa ke fitowa da ɗumi da warin farar wuta. Jirgi ba ya iya shiga lungun, sai mutum ya ratsa ruwan sanyi da iyo kafin ya kai inda teku ta koma ja, gaban wani ɗan farin coci. Lukas ya miƙe ya yi wa baƙi jawabinsa na kullum: mai farin kayan wanka ya canja, mai azurfa a jiki ya cire kada ruwan ya mai da ita baƙa. Marusa ta juya kifi a kan wuta, ta waiwayo, sai ta ga tsoho ya tuɓe, daga shi sai singileti da gajeren wando, ƙafarsa ɗaya a kan tsani.

"Baba! Don girman Allah!"

"Kula da kifinki."

A tsibiri aka haifi Marusa, amma ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa ba. Ba abin da ta iya sai riƙe ƙarfen jirgi. Lukas ya faɗa ruwa ya bi shi da robar iyo, tsohon ya ture ta, ya haɗa masa da zagin da har baƙi suka gane zagi ne. Yana tafiya a hankali, farin kansa yana nitsewa yana ɓullowa, har ya kai jan ruwan. Nan ya juya ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa. Ya yi shiru, ba motsi. Marusa ta ƙura masa ido. Ta ce shi ke nan, ta shiga uku, ya mutu a gaban baƙi da na'urorin hotonsu.

Sai hannu ya ɗago daga ruwa, murya ta taso har jirgi: "Marusa! Har nan nake jin ƙauri!"

Kifin kuwa ya ƙone ƙurmus. Ta zauna a kan akwatin ƙanƙara tana dariya tana share hawaye da gefen rigarta.

Da ya dawo ta naɗe shi da tawul tana yi masa faɗa, shi kuwa ya ci kifi da hannu, ya sha rabin kofin ruwan inabi. Da jirgi ya tsaya a ƙarƙashin garin da ake kira Iya aka kashe inji, rana ta nutse a teku, baƙi suka kaure da tafi kamar yadda suka saba. Tsohon ya dube su ya girgiza kai. "Tun ina yaro take faɗuwa, ba wanda ya taɓa tafa mata." Can kuma ya taɓa hannun Marusa ya ce, "Yanzu kam in Stamatiya ta zo, ta kwashi abin da ya rage."

Da safe Marusa ta sauka da kofinsa na gahawa, ta same shi a kujerarsa ta bakin ƙofa, fuskarsa tana kallon ruwa, bakinsa kamar na wanda aka ba labari mai daɗi. Jikinsa har ya yi sanyi. Singiletin yana rataye a bayan kujerar. Abin kunya, kafin ma ta yi kuka sai da ta fizge shi ta cusa a ƙarƙashin rigarta. Bayan nan ta kira Stamatiya a waya, wadda ta riga ta shiga jirgin da ya taso daga Atina tun asuba.

Ga shi yanzu la'asar ta yi, lemon tsami ya ƙare, ja yana nan. Ta ji ƙarar akwati yana bugun matakala, ƙwal, ƙwal, da jin ƙarar ka san ba komai a ciki. Akwatin da aka kawo don kwashe kayan tsoho ne. Marusa ta kife kwanon wanki a kan singiletin, ta goge hannu, ta fita.

Stamatiya ta faɗa jikinta. "Yaya Marusa, sannu. Ke kika yi wahalarsa, Allah ya saka miki."

Kalmar nan ta soki Marusa fiye da zagi. Ta dai riƙe ta suka sauka tare.

Ɗakin cike yake da matan unguwa cikin baƙaƙen kaya, ga kyandir, ga ƙamshin turare. Lukas ya yi ƙoƙari, ya sa wa tsoho kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya taje masa gashin baki. Sai dai aikin namiji: ya fito da sarƙar wuyan mamacin ya kwantar da ita a kan farar riga don ta yi kyau. Marusa ta duba. Gicciyen azurfan nan da kowa ya sani yana ƙyalli ya koma baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ita tana can tana yaƙi da singileti, ta manta da rabin jawabin da take ji kullum. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Stamatiya ta sumbaci goshin ubanta. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ɗaga gicciyen da yatsa biyu, ta juya shi, ta kai shi kusa da hancinta. Matan ɗakin, waɗanda tun jiya labari ya zaga su, kowacce ta sami abin kallo a ƙasa.

"Yaya," Stamatiya ta ce, ba ta ɗago ba. "Zo mu hau sama."

Suka tsaya a tsakar gidan Marusa, kwanon wanki a kife tsakaninsu.

"Yaushe?"

"Jiya." Marusa ta sunkuyar da kai. "Stamatiya, na ci amanarki. A mota muka same shi, na roƙe shi, na..."

"Ya kai wurin ɗumin?"

Marusa ta ɗago. "Me?"

"Na ce ya kai? Ko a ruwan sanyi ya tsaya?"

"Ya kai. Har gaban cocin."

"Da kansa, ko jansa aka yi?"

"Wa ya isa? Lukas ya miƙa masa roba, ya zage shi tas, har da kakanmu."

Wani sauti ya ƙwace wa Stamatiya, ba a san dariya ba ne ko kuka. Ta zauna a kan katanga ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza. Da ta buɗe fuskar, hawaye sharkaf, amma murmushi take yi.

"Ina yarinya haka gicciyen nan yake, baƙi. Inna ta goge shi da toka ran Asabar, kafin Litinin ya koma. Tun da ya daina fita ruwa yake ƙyalli, ni kuwa duk zuwan da na yi, in na gan shi fari sai raina ya ɓaci." Ta share hanci. "Yaya, kin san addu'ar da na kwana ina yi? Allah ya sa iska ta hana jirgi tashi. In na kai shi Atina, na san ba zai ga hunturu ba, kuma da haushina zai tafi. In na bar shi, a ce na yar da ubana. Na rasa inda zan sa kaina."

"Ba ki ganin ruwan ne ya..."

"Likita ya gaya mini tun Ista, ko yana kwance a gado abin zai zo. Ni ce na ɗora miki tsorona, na sa ki rantsuwa a kan abin da ya fi ƙarfinki. Wa ya taɓa hana Baba abin da ya yi niyya?" Ta kamo hannun Marusa, ta ga yadda yatsun suka yi ja. "Me ya sami hannunki?"

Marusa ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ta zauna kusa da ita ta yi ajiyar zuciya mai tsawo, sai yanzu kukan maƙwabcinta ya zo mata sosai. Tana kukan ta sa ƙafa ta ture kwanon.

Stamatiya ta ɗaga singiletin, jiƙe, yana warin lemon tsami da farar wuta. "Wai wanke shi kike yi? Inna ta yi shekaru tana wannan yaƙin, ba ta ci ba ko sau ɗaya."

"Lemona duk ya ƙare a kansa."

"To bar shi haka. Ya bushe, gobe kafin a fita da shi a sa masa a ƙarƙashin kwat. Gicciyen ma kada wanda ya goge." Ta miƙa wa Marusa singiletin. "Ya ci abinci, bayan ya fito?"

"Kifi guda, ƙonanne. Yana ci yana kushewa."

"To, shi ne."

Marusa ta matse singiletin ta shanya a igiya. Ta shiga ta ɗauko tiren alkamar da za a dafa don sadakar mamaci, suka aza shi a kan gwiwoyinsu suna tsince tsakuwa. Can ƙasa jiragen yawo sun jeru a kan ruwa, an kashe injuna. Rana ta taɓa teku, iska ta kawo ɗan sautin tafi daga nesa. A bayansu singiletin yana kaɗawa a hankali, yana ɗiga a kan farin daɓe.