Ba Tururuwa Ba Ce

Kwalba mai hudajjen murfi, madubin ƙara girma, ledar kwanson wake, gorar ruwa. Abin da Auta ta rungumo ke nan a gaban motar yayanta, suna kan hanyar ɗakin binciken da take aiki.

"Likitar ƙwari, kin yi shiru," in ji Yaya. "Ko baƙon naki ya fi ƙarfin karatun?"

Ta ɗaga kwalbar. Ƙwaron dogo ne siriri, ruwan ƙasa, da farin layi a gefensa. Cinyoyin bayansa masu kauri ne, da ƙayoyi. A jikin ciyayin bakin gonar waken Baba ta kama shi da safe. Tun kafin ya shiga kwalba ta gane shi: mai soka baki a kwanso ne ya tsotse ƙwayar, ya bar ta a motse.

Ta kuma san 'ya'yansa. Suna ƙanana, sak tururuwa suke.

Kowace shekara Yaya kan share ciyayin nan kafin wake ya yi fure. Bana ita ta hana shi, don ƙudan zuma su samu wurin sauka. Da ya nuna mata wasu baƙaƙen abubuwa suna yawo a ganye, ko sunkuyawa ba ta yi ba.

"Tururuwa ce, Yaya. Bar su."

Ya bar su. Har ya riƙa faɗa wa maƙwabta ƙanwarsa ce ta ce.

Yanzu waken gefen gonar ya lalace. Na tsakiya na nan da rai, amma ba zai kai lokacin da sakamakon bincike zai fito ba.

"Su abokan aikinki za su gane shi dai ko?" ya tambaya. "Ni na ce wa Baba kada ya damu, muna da gwani a gida."

Auta ta matse kwanso ɗaya ta cikin leda. Fanko.

Ya tsaya a bakin ƙofar ma'aikatar. Ta buɗe mota, ta sauke ƙafa ɗaya. In ta shiga, wani ne zai faɗi sunan ƙwaron, ba wanda zai tambayi daga ina ya fito.

Ta mayar da ƙafar, ta ja ƙofar ta rufe.

"Juya, Yaya. Na san shi. Waɗancan ba tururuwa ba ne, 'ya'yansa ne. Yau za mu sare ciyayin, a yi feshi. Baba kuma ni zan gaya masa."