Faifan da Ke Tsalle

"Ba ita ba ce," in ji Baba Mai Agogo, ya ture wayata daga kunnensa da bayan hannu.

"Ita ce mana, Baba. Ga sunan waƙar ma a rubuce."

"Akawu, ciwo nake yi, ban kurumce ba. Tawa tana tsalle."

Maƙwabcina ne, shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninmu. Gyaran agogo yake yi kafin idonsa ya gaza. Sati biyu ke nan da asibiti suka sallamo shi, irin sallamar da likita ke yi yana kallon ƙasa. Ba ya neman komai sai faifan garmahonsa guda ɗaya, mai ƙarce a tsakiya. In allura ta kai wurin sai ta maƙale, mawaƙin ya yi ta nanata kalma ɗaya, har marigayiya matarsa ta taso daga kicin tana mita, ta tura ta da yatsa.

Ni kuwa, wayayyen unguwa, ni na raba shi da fayafayansa. Shekara shida da suka wuce na kai kwali uku wurin mai kwamfuta, ya juye su a kati ɗan mitsitsi kamar farce. Don neman suna har na ce ya goge duk wani ƙaras-ƙaras da tsalle. Sannan na lallaɓa tsohon ya bar wa mai sayen tsoffin kaya kwalayen, wai don ɗaki ya sha iska.

"Kawu, ka nemo masa don Allah," 'yarsa ta ce da ni a bakin ƙofa. Ba ta ce laifina ba ne. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi.

Mai tsoffin kayan ya zama babban mutum: shagon gilashi, samari cike suna ɗaga faifai da hannu biyu kamar jariri.

"Yallaɓai, faifai ya dawo," ya ce. "Yaran yanzu sun gaji da waƙar da ba a taɓawa."

"Masu ƙarce fa?"

"Waɗannan masu aski ke kwasa, su yi wa bango ado."

Haka ni da sanƙona na shiga shagon aski tara cikin kwana uku. Kowanne sai ya dubi kaina ya ce, "Gemu ne, Baba?" A na tara na ga faifan, da ɗigon jan farcen da matar Baba ta yi masa shaida da shi. An zura masa hannuwa ta ramin tsakiya, an manna lambobi, ya zama agogon bango. Baya ma yake yi da minti goma.

Sai da na ciro agogon falonmu na kai musaya. Uwar yara har yau tana duban ƙusar tana dubana.

Baba ya shafa faifan da yatsunsa har ya kai ga ƙarcen, ya tsaya.

"Shi ne. Wane jaki ne ya sa masa wannan injin?"

"Yanzu za ka ji shi, Baba."

Na cire hannuwan, na kankare gam, na jawo garmahon daga ƙarƙashin gado. Robar da ke juya shi ta narke. Na kai wa mai gyara, ya ce gobe. Na koma, ya ce kowa yanzu irin robar yake nema, sai jibi.

Ranar Alhamis da hantsi ina tsaye a kansa ina masifa, wayata ta yi ƙara. 'Yar Baba ce. Mai gyaran ya miƙo min garmahon yana cewa, "Ka ga, ai ga shi an gama."

Bayan kwana bakwai, da masu ta'aziyya suka ragu, na jona shi a ɗakin tsohon. 'Yarsa tana kicin. Waƙar ta tashi da ƙaras-ƙaras ɗinta, ta yi nisa, allura ta maƙale. Kalma ɗaya, kalma ɗaya, kalma ɗaya. Na zauna a bakin gadon da aka naɗe wa katifa, hannuwana a cinya.

Daga kicin na ji an ajiye cokali.